Hali ko girman rauni: wanne ke yanke hukuncin warkewa bayan buguwar ƙwaƙwalwa?

A ce mutum biyu sun faɗo daga kan babur ɗaya, kowannensu ya bugu a ka. Bayan wata shida ɗaya ya koma kasuwa yana cinikinsa, ɗayan kuwa har yanzu yana kukan ciwon kai da mantuwa, ko kuma ya zama mafaɗaci mai ashar alhali da can ba a san shi da haka ba. Nan take unguwa za ta rabu. Wasu su ce raki ne da son jiki. Wasu su ce dama can halinsa ke nan, hatsarin ne ya tona. Wasu su ce jifa ne ko iska. Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan cece-kuce ita ce: girman buguwar ne ke nuna yadda mutum zai warke, ko kuwa irin mutumin da ya bugu?

Su ma likitoci sun daɗe suna kai-komo a kanta. A watan Mayun 2025 wani ayarin masana ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken cututtukan ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ya wallafa sabon tsari a mujallar Lancet Neurology, yana neman a daina taƙaita raunin ƙwaƙwalwa ga kalmomi uku kacal, wato mai sauƙi, matsakaici da mai tsanani. Tsarin ya ce a haɗa abu huɗu: duba majinyaci, gwajin jini, hoton ƙwaƙwalwa, da kuma yanayin mutumin kansa, irin su shekarunsa, cututtukan da yake da su, lafiyar tunaninsa kafin hatsari da halin rayuwarsa. Shigowar wannan na huɗun ne ya sake taso da tsohuwar muhawarar.

Yadda ake auna girman rauni

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kamar na awara, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya daki kwalta, ƙoƙon yana tsayawa farat ɗaya, ita kuwa ta ci gaba da tafiya har ta bugi ƙashi, sannan ta dawo ta bugi ɗaya ɓangaren. Ƙasan ƙoƙon ta wajen goshi da saman kunnuwa yana da tudu da kaifi, shi ya sa ko ta ƙeya mutum ya faɗi, gaban ƙwaƙwalwa da gefunanta ne suka fi kurjewa. A riƙe wannan, domin a gaban ne ake sarrafa hali. Akwai kuma wata ɓarnar da ta fi ɓoyewa: idan kan ya juya da ƙarfi, siraran zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa suna miƙewa har wasu su tsinke, kuma sau da yawa hoton CT, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka a asibiti, ba ya nuna su.

Ma'aunin da kusan kowane asibiti a duniya ke amfani da shi, likitoci biyu ne na Jami'ar Glasgow a Birtaniya, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a 1974. Abu uku ake dubawa. Buɗe ido, maki 1 zuwa 4: da kansa ya buɗe, ko sai an kira shi, ko sai an matsa masa, ko bai buɗe ba sam. Magana, maki 1 zuwa 5: ya san kansa da inda yake, ko yana a ruɗe, ko kalmomi yake jefawa barkatai, ko nishi kawai, ko shiru. Motsi, maki 1 zuwa 6, daga wanda ke bin umarni idan aka ce ya ɗaga hannu har zuwa wanda ba ya motsi ko an matsa masa. Jimilla tana kamawa daga 3 zuwa 15. Maki 13 zuwa 15 shi ne rauni mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Wani ƙiyasi na 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 69 ke samun raunin ƙwaƙwalwa a duniya duk shekara, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 nasu mai sauƙi ne.

Bayan makin ana duba tsawon suma. Ƙasa da minti 30 mai sauƙi ne, fiye da awa 24 mai tsanani. Amma ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya game da makomar tunani da komawa aiki shi ne tsawon lokacin ruɗewa, wanda likitan Birtaniya Ritchie Russell ya ja hankali a kansa tun 1932. Mutum zai farfaɗo, ya buɗe ido, ya gaisa, har ya ci abinci, amma abin da ke faruwa ba ya zama a kansa: ka zo dubiya da safe, da yamma ya rantse bai gan ka ba. Ana ƙirga kwanakin daga ranar hatsari zuwa ranar da ya fara riƙe abubuwan yau da gobe a jere. Ƙasa da kwana ɗaya, mai sauƙi. Kwana 1 zuwa 7, matsakaici. Fiye da mako, mai tsanani. Wanda ya haura wata guda a wannan hali, da wuya ya fita ba tare da tabo a tunaninsa ba. Masu jinya za su iya taimaka wa likita sosai a nan, idan suka riƙa tambayarsa kullum ranar yau, sunan wurin da yake da wanda ya zo jiya, suna rubutawa.

Kalmar “mai sauƙi” tana yaudara. Mai maki 15 da hotonsa ya fita fes, da mai maki 13 da jini ya taru masa a ka, duk a rukuni ɗaya ake zuba su, alhali tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

Inda girman rauni ke da ta cewa

A rauni mai tsanani, tambayar ko mutum zai rayu, ko zai tashi ya yi tafiya, ko zai iya kula da kansa, ba hali ne ke amsa ta ba. Manyan bincike biyu da aka wallafa a 2008, CRASH da IMPACT, waɗanda suka tattara bayanan dubban majinyata, sun nuna abubuwan da suka fi hasashen sakamako a wata shida: shekarun mutum, makinsa na Glasgow musamman na motsi, ko ɗigon baƙin da ke tsakiyar idonsa yana tsukewa idan an haska fitila, da abin da hoton CT ya nuna.

Sannan akwai ɓarna ta biyu, wadda ke zuwa bayan buguwar, kuma ita ce ake iya hanawa. Ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta jure ƙarancin jini ko iska. Tun 1993 aka nuna cewa idan awon jini na sama ya faɗi ƙasa da 90 ko da sau ɗaya ne, haɗarin mutuwa yana ninkawa. Ke nan mutumin da ya yi awa biyu a gefen titi jini na zuba daga cinyarsa, ko harshensa ya toshe masa maƙogwaro, ya yi asarar da babu ƙarfin zuciyar da zai maido masa. Haka ɗura wa sumamme ruwa ko madara, abin da ake yi da kyakkyawar niyya, yana iya tura su cikin huhu. Abin yi shi ne a riƙe wuya kada ya lanƙwashe, a juya shi gaba ɗaya kamar gungume zuwa gefe idan yana amai, a danne inda jini ke fita, a nufi asibitin da ke da na'urar CT. Akwai allura mai araha, tranexamic acid, da binciken CRASH-3 na 2019 a kan mutum fiye da 12,000 ya nuna tana rage mutuwa ga masu rauni matsakaici da masu sauƙin da jini ke zuba a cikin ƙoƙon kansu, amma sai an ba da ita cikin awa uku. Magungunan steroid kuwa, da aka daɗe ana bayarwa don rage kumburi, binciken farko na CRASH a 2004 ya gano ƙara mutuwa suke yi.

Duk da haka maki ba ƙaddara ba ne. Binciken TRACK-TBI na Amurka ya bi masu rauni mai tsanani, ya ga cewa a mako biyu kimanin ɗaya cikin takwas ne kawai ke iya zama a gida su kaɗai na wasu awoyi, amma a shekara guda adadin ya kai kusan rabi. A masu matsakaici ya kai kashi uku cikin huɗu. Yanke ƙauna a makon farko gaggawa ce.

“Irin kan da ya bugu”

A 1937 likitan Birtaniya Charles Symonds ya yi wata magana da har yau ake maimaitawa, cewa ba irin raunin kaɗai ke da muhimmanci ba, har da irin kan da ya bugu. Gaskiyar wannan magana ta fi bayyana a rauni mai sauƙi, inda ɓarnar ba ta da yawa, kuma mafi yawan mutane ke warwarewa cikin makonni kaɗan zuwa wata uku. Wasu kuwa ba sa warwarewa, kuma makin Glasgow ba ya iya faɗa maka su wane ne.

A Holan, binciken UPFRONT da aka wallafa a 2017 ya gano kashi 44 cikin 100 na masu rauni mai sauƙi ba su koma daidai ba bayan wata shida. Da aka duba abin da ya bambanta su, sai aka ga yawan damuwa da fargaba a mako biyun farko, salon fuskantar matsala na naɗe hannu a jira, matsalar tunani kafin hatsarin, da shekaru da zurfin karatu. A Amurka, TRACK-TBI ya ba da rahoto a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na masu rauni mai sauƙi suna da sauran tangarɗa a harkokinsu bayan shekara guda. Abin lura shi ne, a cikin waɗanda suka ji rauni a gaɓɓai kawai, kansu bai bugu ba, kashi 38 ma sun faɗi haka. Wato wani kaso na wahalar daga ƙwaƙwalwa yake, wani kuma daga firgicin hatsari, ciwo, rashin barci da tsayawar neman abinci.

Me masana ke nufi da hali a nan? Sukan kasa ɗabi'ar mutum gida biyar: saurin shiga damuwa, son cuɗanya da jama'a, son sabon abu, sauƙin kai, da tsari da riƙon aiki. A cikin biyar ɗin, saurin shiga damuwa ne aka fi samu yana tafiya tare da alamomin da suka ƙi wucewa. Yadda abin ke aiki ba wani sirri ba ne. Buguwa ta kawo ciwon kai, jiri da saurin gajiya na gaske. Mai yawan fargaba ya sa musu ido dare da rana. Ya manta inda ya ajiye makulli, abin da kowa ke yi, sai ya ce shi ke nan ƙwaƙwalwata ta lalace. Tsoron ya hana shi barci, ya ɗaure masa jijiyoyin wuya, rashin barcin ya ƙara ciwon kai da mantuwa, su kuma su tabbatar masa da abin da yake tsoro. Sai ya daina fita, ya daina karatu, ya kulle kansa a ɗaki mai duhu. Jikin da ya saba da kwanciya kuwa, ranar da ya yunƙura jiri zai ɗebe shi. Akwai kuma wata dabarar zuciya da aka sha gwadawa: bayan hatsari mutum yakan manta cewa da can ma yana ciwon kai yana mantuwa, sai ya riƙa auna kansa da wata lafiya cikakkiya da bai taɓa samu ba.

Wani nau'in kuma kishiyar wannan ne, kuma a wurarenmu yana da yawa, domin wanda sai ya fita zai ci ba shi da zaɓi sosai. Shi ne jarumin da ba ya yarda ya kwanta. Kwana biyu da hatsari ya koma shago ko ya hau babur, ya yini cikin rana da hayaniya, washegari ya kasa ɗaga kai, ya yi kwana uku a kwance, ya sake tashi da ƙarfi. Thomas Kay da abokan aikinsa a New York sun bayyana irin wannan tun 1992: mutumin da darajarsa a idon kansa ta rataya ga ƙwazo, wanda raguwar kaifinsa kaɗan ke girgiza shi fiye da kowa. Ɗalibin da ya saba haddace shafi a zama ɗaya, yanzu sai ya yi uku, yana iya shiga ƙuncin da wanda bai damu da hadda ba ba zai taɓa sani ba.

Dole a faɗi wannan da babbar murya: ba raki ba ne. Ciwon kan da fargaba ta rura ciwo ne na gaske, kuma mutum bai zaɓi ya zama mai saurin damuwa ba, kamar yadda bai zaɓi tsawonsa ba. Amfanin sanin wannan alaƙa shi ne tana da magani mai araha. A Melbourne ta Ostireliya, Jennie Ponsford da abokan aikinta sun nuna a 2002 cewa ganin majinyaci a makon farko da ba shi ɗan littafin da ke bayyana alamomin da zai gani, tsawon lokacin da za su ɗauka da yadda zai bi da su, ya rage yawan koke-koke a wata uku. Bayani kawai. Wanda aka sallama da “ba komai, hotonka lafiya lau” ba tare da ƙarin kalma ba, idan ya ji jiri a mako na uku zai ɗauka likita ne bai gano cutar ba.

Idan raunin ne ya taɓa halin kansa

Hausawa na cewa hali zanen dutse. A rauni mai tsanani dutsen da aka yi zanen a kansa ne ya tsage, kuma a nan ne iyalai suka fi zaluntar majinyaci ba da saninsu ba.

Labarin da aka fi sani shi ne na Phineas Gage, shugaban leburorin shimfiɗa titin jirgin ƙasa a jihar Vermont ta Amurka. A ranar 13 ga Satumban 1848 nakiya ta tashi da wani ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kilo shida, ya shiga ta ƙasan kuncinsa na hagu ya fita ta tsakar kansa. Ya rayu, yana magana, yana tafiya. Amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai ashar, marar haƙuri, mai shirya abu ya watsar, har abokansa suka ce wannan ba Gage ba ne.

Dubi abin da Bahaushe ke auna mutumin kirki da shi: kunya, haƙuri, kawaici, ladabi, hankali. Kusan dukkansu aikin birki ne, wato zuciya ta raya maka abu ka danne, kuma birkin yana gaban ƙwaƙwalwa, daidai saman idanu, wurin da ya fi kurjewa a hatsari. Idan ya lalace sai ka ga magidanci yana faɗin maganar ɗaki a gaban surukai, yana taɓa matar da ba tasa ba, yana kashe jarin shago a yini ɗaya, ko ya mari yaro a kan kofin da ya faɗi, bayan minti biyar kuma yana dariya kamar ba a yi ba. Idan wani ɓangaren gaban ne ya taɓu, akasin haka ake gani. Mutum ya zauna tun safe har dare bai ce uffan ba, ba ya wanka sai an ce ya yi, ba don baƙin ciki ba, abin da ke tayar da niyya ne ya mutu. Gida sai a kira shi malalaci. Mafi wuya a duka shi ne wanda raunin ya hana shi ganin raunin. Zai rantse lafiyarsa ƙalau, ya nemi makullin mota, ya ƙi zuwa asibiti. Wannan ba taurin kai ba ne, sashen da mutum ke duba kansa da shi ne ya samu matsala, kuma gardama ba ta gyara shi.

Neil Brooks da abokan aikinsa a Glasgow sun bi iyalan masu rauni mai tsanani. A shekara ta farko kashi 60 cikin 100 na dangi sun ce halin mutuminsu ya canza, a shekara ta biyar adadin ya kai 74. Sun kuma gano cewa abin da ya fi gajiyar da masu jinya shi ne wannan canjin hali, fiye da shanyewar hannu ko ƙafa. Ana iya jure ɗaukar mutum zuwa banɗaki shekara da shekaru. Zama da baƙo mai fuskar mijinka ya fi wuya.

To, ko gaskiya ne hatsari tona asirin halin da ke ɓoye yake yi? An daɗe ana faɗin haka har a littattafan likitanci, cewa rauni yana ƙara wa halin da ke akwai gishiri ne kawai. Robyn Tate ta Sydney ta gwada wannan zato a kan masu rauni mai tsanani, ba ta sami hujja mai ƙarfi da ke goyon bayansa ba. Salihin mutum yana iya zama mafaɗaci, kuma wurin da ya lalace da girman lalacewar ne suka fi bayyana hakan. Abin da aka fi tabbatarwa daga rayuwar baya shi ne shaye-shaye da ciwon damuwa. A wani bincike a Seattle da aka wallafa a 2010, kashi 53 cikin 100 na waɗanda aka kwantar saboda raunin ƙwaƙwalwa sun shiga ciwon damuwa mai tsanani a shekarar farko, waɗanda suka taɓa yin sa ko suka taɓa faɗawa shan giya sun fi shiga haɗari, kuma ƙasa da rabinsu ne suka sami magani.

Akwai sauran labarin Gage da ba a cika faɗa ba. Daga baya ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a doguwar hanya, aikin da ke buƙatar tashi da wuri, lissafin kuɗi da iya hulɗa da mutane. Masanin da ya fi bin tarihinsa, Malcolm Macmillan, yana ganin tsayayyen tsarin aikin ne ya maido masa da yawa daga abin da ya rasa. Ya rasu a 1860 bayan farfaɗiya ta kama shi.

Inda masana suka saɓa

A 1988 likitan ƙwaƙwalwa Alwyn Lishman ya ce a rauni mai sauƙi ɓarnar jiki ce ke jan ragama a farko, tunani kuma ya karɓa daga baya idan alamomi suka daɗe. A 2011 Noah Silverberg da Grant Iverson suka sake duba hujjojin suka ce tun ranar farko su biyun ke tafiya tare. Masu nazarin hoton MRI na zamani da gwajin jini kuma suna jan kunne cewa yawancin abin da ake jingina wa hali wataƙila ɓarna ce da tsofaffin na'urori ba su gani.

Akwai matsalar awo da ta shafi kowane ɓangare. Ba wanda ake auna halinsa kafin ya yi hatsari. Bayan hatsarin ake tambayarsa ko a tambayi matarsa yadda yake a da, shi ga mantuwa, ita ga kewar mijinta na da. Sannan kusan duk alƙaluman nan daga Turai, Amurka da Ostireliya suke, inda ake da motar ɗaukar marasa lafiya da cibiyoyin farfaɗo da majinyata. A inda iyali ke sayar da gona kafin a ɗauki hoton CT, abin da ake kira naɗe hannu wani lokaci rashin kuɗin mota ne. A ganina wannan ya isa ya sa a yi hattara da saurin ɗora wa hali laifi.

Abin da ke hannun iyali

Ga mai rauni mai sauƙi, kwana biyun farko a sa masa ido. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake shan wuyar tada shi, jijjiga, raunin gefe ɗaya, harɗewar harshe, ko ruwa garau daga hanci ko kunne, duk na komawa asibiti ne a take. Wanda ya suma ya farfaɗo garau yana hira, sannan bayan awoyi ya fara lumshewa, yana iya zama jijiyar jini ce ta fashe a ƙarƙashin ƙashin gefen kai, kuma tiyatar gaggawa ce ke ceton sa. Paracetamol ya isa, a guji aspirin da ibuprofen a kwana biyun farko. Hutu awa 24 zuwa 48 ne, da rage kallon waya, daga nan a fara tattaki na minti 10 zuwa 15 ana ƙarawa kullum. Idan aka auna ciwon daga 0 zuwa 10, ƙarin maki biyu da ya lafa cikin awa guda ba komai ba ne. Idan ya wuce haka, gobe a rage. Mai tsoro a riƙa tura shi gaba a hankali, jarumi a riƙa ja masa linzami: rabin yini a shago kafin cikakken yini. Babur, ƙwallo da dambe sai alamomi sun ɗauke gaba ɗaya, domin bugu na biyu a kan wanda bai warke ba ya fi na farko illa.

Idan an haura mako huɗu a koma wurin likita, a nemi a duba abubuwan da ke da magani. Jirin da ke zuwa idan an juya a kan gado sau da yawa wasu 'yan ƙwayoyi ne suka goce a cikin kunne, kuma ana maido su da juya kai ta wata hanya cikin mintuna. Ciwon kai na iya zama daga wuya, ko daga maganin ciwon kan kansa idan ana sha kwana 15 ko fiye a wata. Kasala da mutuwar sha'awa da suka daɗe na iya zama daga wani ƙullin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, gwajin jini ke nuna shi.

Ga mai rauni mai tsanani, tsari ya fi nasiha aiki. Lokacin tashi, wanka, abinci da barci su zama ɗaya kullum, a jingina su da lokutan salla don su zauna. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. 'Yan dubiya, duk da ladan da ke ciki, su shiga bibbiyu na ɗan lokaci, domin ɗaki cike da gaisuwa yana rikita shi, kuma fushin yamma sau da yawa gajiyar rana ce. A sami littafi a riƙa rubuta lokacin da ya fusata da abin da ya faru kafin nan. Cikin mako biyu za a ga zaren: yunwa, hayaniyar yara, ko tambayoyi da yawa a jere. Idan ya hau, a rage murya a ba shi wuri, a dawo da maganar bayan ya sauka. Kuɗi da jari a riƙe masa su da mutunci, a bar masa na kashewa. Idan ya furta saki ko ya yi wani ciniki a cikin wannan hali, a kai wa malami ko alƙali takardar likita kafin a yanke hukunci. Addu'a da magani ba sa karo, amma duka, ɗauri da turara hayaƙi ga mai raunin ƙwaƙwalwa cutarwa ce. Tramadol yana ƙara haɗarin tashin farfaɗiya, wadda dama kusan ɗaya cikin goma na masu rauni mai tsanani ke samu cikin shekara biyar. Magungunan sa barci irin su diazepam suna ƙara ruɗewa idan aka mayar da su na kullum. Likitocin ƙwaƙwalwa a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna da magungunan da suka fi dacewa da fushi da damuwa, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace. Sauƙi ya fi sauri a wata shidan farko, amma yana ci gaba har shekara biyu da fiye.

Sai tsofaffi, waɗanda nasu ke zuwa a sace. Dattijo ya zame a banɗaki ko ya bugi ƙofa, kowa ya manta. Bayan mako uku zuwa wata biyu ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, yana yawan barci, halinsa ya canza, sai a ce tsufa ne ko rikicin tsufa. Sau da yawa jini ne ke taruwa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta, musamman ga mai shan aspirin ko maganin tsinka jini. Hoton CT yana nuna shi sarai, likitan tiyata ya huda ƙaramin rami a ƙoƙon kai ya zuƙe shi, kuma da yawa daga cikinsu suna dawowa hayyacinsu cikin 'yan kwanaki.